Ruwa Ba Ya Kore Banza: Kimiyyar da ke Cikin Tafkin Ninƙaya

Gabatarwa

Ranar Talata, 9 ga watan Agusta, 2016, 'yan kallon da suka hallara a dandalin wasannin ruwa na Maria Lenk da ke birnin Rio de Janeiro na ƙasar Birazil sun ga abin mamaki. Tafkin da gwanayen tsunduma ke faɗawa cikinsa daga bene mai tsawon mita 10, wanda jiya-jiya yake shuɗi garau, ya rikiɗe ya koma kore shar, tamkar kududdufin bayan gari a tsakiyar damina. Ga shi kuwa gasar Olamfik ake yi, idon duniya na wurin. Washegari tafkin da ke maƙwabtaka da shi, inda ake wasan ƙwallon ruwa, shi ma ya soma sauya launi. Bayan kwana huɗu masu shirya gasar suka bayyana cewa wani ɗan kwangila ne ya zuba lita 160 na sinadarin haidurojin feroksaid a tafkunan biyu, wanda ya kashe kaifin kulorin ɗin da ke ciki. Daga ƙarshe sai da aka kwashe fiye da lita miliyan 3 daga babban tafkin, aka zuba sabon ruwa.

Idan haka ta faru a inda injiniyoyi da na'urori suka yi dafifi, to ina ga magidancin da ke da ɗan tafkin ninƙaya a bayan gidansa? Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka nan ba ya kore banza. Koren launi alama ce kurum, kamar yadda zazzaɓi yake alamar ciwo, kuma wanda ya kama zuba magani kafin ya gano ciwon, sai ya yi asarar kuɗi, wani jiƙon ma ya jefa iyalinsa cikin haɗari. Abin da ke warware matsalar shi ne awo da ɗan lissafi, irin wanda ɗalibin sakandare zai iya yi.

Kore iri-iri ne

Abu na farko shi ne a ƙura wa ruwan ido. Idan ya yi kore kuma ya gurɓace har ba a hango ƙasan tafkin, bangon kuma yana santsi in an shafa, to gansakuka ce. Gansakuka wasu ƙananan halittu ne masu rayuwa irin ta tsirrai, da yawansu ƙwayar halitta ɗaya tak gare su, sai da madubin ƙara girma ake ganinsu ɗaya-ɗaya. Iska da ƙura da ruwan sama da ganyaye ne ke kawo irinsu cikin tafki, kuma ba a iya hana su shigowa. Da zarar sun sami hasken rana da ɗumi da abinci, wato sinadaran fosfet da naitiret da ke cikin ƙura da ruɓaɓɓen ganye da takin lambu, sai su yi ta rabuwa gida biyu. A yanayi mai zafi, kwana ɗaya ko biyu sun isa su mamaye tafki.

Amma idan ruwan kore ne kuma garau, ana hango ƙasa sarai, bango ba santsi, to da wuya gansakuka ce. Galibi narkakken jan ƙarfe ne. Yakan shigo daga bututun jan ƙarfe da ruwa mai asid ya ci, ko daga wasu magungunan kashe gansakuka da ake haɗawa da shi. Shi ne kuma ke sa farin gashi ya yi kore-kore bayan ninƙaya, laifin da akan ɗora wa kulorin a banza. Baƙin ƙarfe, wanda akan samu a ruwan wasu rijiyoyin burtsatse, yakan rina ruwa ya yi ɗorawa-ɗorawa. In wannan launi ya haɗu da shuɗin tayil ɗin tafki, sai ido ya ga kore.

Akwai alama mai sauƙi ta bambance su. Ruwan da yake garau, aka zuba masa kulorin, sai nan take ya koma kore ko ruwan ƙasa, to ƙarfe ne a cikinsa, domin kulorin ne ya sa ƙarfen ya yi tsatsa. Ƙara kulorin a nan ƙara ɓarna ne. Maganinsa shi ne sinadarin da ke kama ƙarfe ya riƙe, ko a rage ruwan a cika da wanda ba ƙarfe. Amma da yake gansakuka ce ta fi addabar tafkunan gida, a kanta za a fi mai da hankali.

Kulorin mai kaifi da dasasshe

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara samar da iskar kulorin a 1774. A 1810 Humphry Davy na Ingila ya tabbatar da cewa sinadari ne mai zaman kansa, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin kore-kore. Ke nan abin da ake yaƙar koren ruwa da shi, sunansa ma daga kore ya samo asali.

Ko da wace siffa aka sayo kulorin, ruwa-ruwa ko gari ko ƙwaya, in ya shiga ruwa yakan kasu gida biyu. Kashi na farko shi ne asid ɗin haifokuloros, wanda masana ke rubutawa HOCl. Wannan shi ne mai kaifi, domin yana ratsa fatar ƙwayar cuta da ta gansakuka cikin hanzari, ya lalata abin da ke ciki. Kashi na biyu shi ne haifokulorait, wanda ke ɗauke da cajin lantarki da ke hana shi ratsa fatar cikin sauƙi. Shi ne dasasshe, aikinsa na tafiyar hawainiya.

Abin da ke yanke hukuncin yawan kowanne shi ne ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a birnin Kofanhegan a 1909. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ya gaza 7 yana ɓangaren asid, kamar ruwan lemon tsami, abin da ya haura kuma yana ɓangaren kanwa. A ruwa mai zafin digiri 25 wanda ba a sa masa komai ba sai kulorin, idan pH yana 7.0, kusan kashi uku cikin huɗu na kulorin mai kaifi ne. A 7.5 sai su raba daidai. A 8.0 mai kaifin ya koma kusan ɗaya cikin huɗu, a 8.5 kuwa ɗaya cikin goma kacal. Saboda haka tafkuna biyu na iya samun kulorin daidai wa daida, amma ɗaya ya yi garau, ɗaya ya yi kore.

Gansakuka kuwa tana taimakon kanta da kanta. Da rana tana zuƙe iskar kabon dayoksaid da ke narke cikin ruwa don haɗa abincinta. Wannan iska tana ɗan tsamama ruwa, don haka raguwarta kan ɗaga pH. Da pH ya hau, kulorin ya dushe, gansakuka ta ƙara yaɗuwa, pH ya ƙara hawa. Wannan zagaye ne ke sa tafki ya lalace kamar ƙiftawar ido.

Ba a kuma so a yi ƙasa da yawa. Ruwan da ya gaza 7.0 yana cin siminti da bututu, ya kuma sa ido yaji. Shi ya sa aka saba riƙe pH tsakanin 7.2 da 7.8. Abin da ke hana shi tsalle-tsalle shi ne sinadarin baikabonet da ke cikin ruwan, wanda ke shanye asid ko kanwar da ta shigo. Ana so yawansa ya tsaya tsakanin miligiram 80 da 120 a kowace lita. In ya yi ƙasa, da sodiyam baikabonet ake ɗaga shi, wato sodar da masu gashin burodi suka sani. In pH ne ya faɗi, da sodiyam kabonet ake ɗaga shi, ɗan'uwan kanwar da ke cikin kicin. In ya hau kuma, da asid ake saukar da shi.

Rana da laima

Babban abokin gābar kulorin a tafkin da ke fili shi ne rana. Haskenta na altirabayolet yana farfasa kulorin, har mafi yawansa kan salwanta cikin sa'o'i biyu zuwa uku na tsakar rana. Don magance wannan akan sa wani sinadari mai suna asid ɗin sayanurik, wanda ke kama kulorin ya ɓoye shi daga haske, yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Aikinsa tamkar na laima ne, kuma da wannan suna za a ci gaba da kiransa. Miligiram 30 zuwa 50 a kowace lita sun wadatar.

A nan ne tarkon da ya fi kama masu tafkin gida yake. Fararen ƙwayoyin kulorin da ake jefawa cikin ruwa suna narkewa a hankali, waɗanda ake kira tiraikulo, an haɗa su ne da laima a jikinsu. Duk miligiram 10 na kulorin da suka saki, suna barin kusan miligiram 6 na laima. Kulorin yana ƙarewa, amma laima ba ta tashi da tururi, rana kuma ba ta ƙona ta. A ɗauka tafki yana cin miligiram 2 na kulorin a kowace lita kullum. Ke nan laima na ƙaruwa da 1.2 a rana. Cikin kwana 90 ta kai 108, wato ta ninka abin da ake buƙata fiye da sau biyu. Laimar da ta yi yawa kuwa takan riƙe kulorin ta hana shi aiki.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, kayan awo suna ƙirga kulorin ɗin da laima ta riƙe tare da wanda yake sake. Sai mai tafki ya auna ya ga miligiram 3, ya ce ai komai lafiya, alhali ruwa na ƙara kore. Wata ƙa'ida da masu kula da tafkuna da dama ke bi ita ce kada kulorin ya gaza kashi 7.5 cikin ɗari na laima. Laima 40 tana buƙatar kulorin 3, laima 100 kuwa 7.5 take buƙata. Hanya mafi tabbas ta rage laima ita ce a zubar da wani kaso na ruwan a cika da sabo. In an sauya rabi, laima ta ragu da rabi.

Warin da ke yaudara

Mutane da dama in suka ji warin kulorin ya cika wuri, ido na ja, sai su ce an zuba magani da yawa. Akasin haka ne ya fi faruwa. Gumi da fitsarin masu ninƙaya na ɗauke da sinadaran naitirojin, waɗanda ke haɗuwa da kulorin su haifar da kuloramin. Shi ne mai warin, shi ne mai sa ido ja, kuma ƙarfinsa na kashe ƙwayoyin cuta kaɗan ne. Tafki mai lafiya ba ya wari sosai. Watsa ruwa a jiki kafin a shiga, da fitowa in fitsari ya matsa, suna rage wa kulorin aiki ƙwarai.

Awo kafin magani

Kayan awon tafki ba su da wuyar sha'ani. Akwai sinadarin DPD, wanda wani masani ɗan Ingila, Arthur Palin, ya fito da hanyar amfani da shi a 1957. In an sa shi a ɗan ruwan tafki yakan yi ruwan hoda, kuma gwargwadon duhun launin gwargwadon yawan kulorin. Akwai kuma jan finol na auna pH, wanda ke yin ɗorawa a ɓangaren asid, ya yi ja a ɓangaren kanwa. Ana ɗebo ruwan awo daga zurfin kamu ɗaya, nesa da inda ruwa ke shigowa.

Su ma kayan awon suna da iyaka. Idan kulorin ya haura kimanin miligiram 10, yakan cinye launin DPD, sai a ga kamar babu kulorin sam, alhali ya yi yawa ne. Haka nan yakan sa jan finol ya nuna pH ya fi yadda yake. Don haka ake gyara pH tun kafin a zuba kulorin mai yawa.

Matakan gyara da lissafinsu

A ɗauki misalin tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, matsakaicin zurfin mita 1.5. In aka ninka su za a sami 48, wato lita 48,000. Ɗaga kulorin da miligiram 1 a kowace lita yana buƙatar giram 48. Ɗaga shi da 10 yana buƙatar giram 480. Amma garin kalsiyam haifokulorait da ake sayarwa kusan kashi 65 cikin ɗari ne kulorin mai aiki. In aka raba 480 da 0.65, za a sami kimanin giram 740. Wanda bai san girman tafkinsa ba, duk abin da zai zuba kintace ne.

Mataki na farko shi ne a hana kowa shiga, a tsamo ganye da tarkace, domin su ma suna cinye kulorin. Na biyu, a auna kulorin da pH da baikabonet da laima, a rubuta. In laima ta yi yawa, a fara sauya wani kaso na ruwan, kada a ɓata magani a ruwan da za a zubar. Na uku, a saukar da pH zuwa kimanin 7.2. Na huɗu, a goge bango da ƙasa da matakala da buroshi, saboda gansakuka na lulluɓe kanta da wani yauƙi da ke kare ta.

Na biyar, a zuba kulorin mai yawa bayan faɗuwar rana, don ya sami dare guda yana aiki ba tare da haske ya ƙona shi ba. A yi amfani da na ruwa ko garin kalsiyam, waɗanda ba su ƙara laima. Ana kai shi miligiram 10 ko fiye, kuma yawan laima na ƙara yawan da ake buƙata. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a zuba sau ɗaya a tafi. Gansakuka na cinye kulorin yayin da take mutuwa, cikin 'yan sa'o'i sai ya faɗi, waɗanda suka tsira su sake yaɗuwa. Tilas a riƙa aunawa ana ƙarawa, safe da yamma, har kwanaki.

Na shida, a bar injin da ke zagaya ruwa yana aiki dare da rana. Kulorin kashewa kawai yake yi, matacin yashi ne ke kwashe gawarwakin. In ruwan ya tashi daga kore ya koma fari-fari kamar an zuba madara, alamar nasara ce. Sai a riƙa wanke matacin ta hanyar juya ruwa baya duk lokacin da ya toshe. In gurɓatar ta ƙi tafiya, akan sa alif, wanda wasu ke kira alam, irin wanda ake kwantar da ruwan sha da shi. Yana dunƙule ƙananan tarkace su kwanta a ƙasa, a zuƙe su zuwa waje.

Yaya za a san an gama? A auna kulorin bayan magariba, a sake aunawa kafin fitowar rana. Da yake ba rana a tsakani, duk abin da ya ragu wani abu ne a cikin ruwan ya cinye shi. In ragin bai wuce miligiram 1 ba, ruwa kuma ya yi garau, to gansakuka ta mutu. Daga nan sai a jira kulorin ya sauko zuwa matsayinsa na yau da kullum, wanda a yawancin tafkuna yake tsakanin miligiram 1 da 3, kafin a koma ninƙaya.

Abin da ya fi launi muhimmanci

Ita kanta gansakukar tafki ba kasafai take jawo ciwo ba. Amma rayuwarta shaida ce cewa kulorin ya gaza, kuma inda ta rayu, ƙwayoyin cutar gudawa da na ciwon kunne da na fata ma za su rayu. Sannan ruwan da ba a hango ƙasansa yana ɓoye wanda ya nutse. A watan Yuni na 2011, a garin Fall River da ke jihar Masacusets ta Amurka, wata mata ta nutse a tafkin jama'a, gawarta ta kwana biyu a ƙasa ba a gani ba saboda gurɓatar ruwan, mutane kuma na ta ninƙaya. Ƙa'idar ita ce, in ba a ganin ƙasan wuri mafi zurfi, kada kowa ya shiga, balle yaro.

Tafkin da aka yasar kuma gidan sauro ne. A 2007, lokacin da bashin gidaje ya sa mutane da dama suka bar muhallansu a jihar Kalifoniya, masu bincike sun danganta ƙaruwar zazzaɓin Yammacin Nilu a yankin Bakersfield da korayen tafkunan bayan gida da aka bari ba kulawa.

Su ma sinadaran gyaran suna da nasu haɗarin. Haɗa asid da kulorin na ruwa ko na gari yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Haɗa ƙwayoyin tiraikulo da garin kalsiyam haifokulorait, ko da a bokiti ɗaya ne mai ɗan danshi, na iya tayar da gobara ko fashewa. Sinadari ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin sinadari. A ajiye kowanne daban, a inuwa, a wuri busasshe da hannun yara ba ya kaiwa.

Gwaji don aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai tushen wannan bayani ba tare da tafki ba. A jiƙa zoɓo a raba ruwan kofi uku. A matsa lemon tsami a na farko, a sa jiƙon kanwa a na biyu, a bar na uku. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Haka jan finol yake aiki. Sannan a ɗebo ruwan kududdufi a kwalabe uku masu haske, a ajiye ɗaya a rana, ɗaya a duhu, ɗaya kuma a rana bayan malami ya ɗiga masa bilic kaɗan. Ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani har mako guda, su kuma yi bayanin dalili.

Kammalawa

Masu kula da tafkunan Rio sun ce na'urorinsu sun ci gaba da nuna akwai kulorin alhali ya daina aiki, ko da yake wasu masana sun yi ja da bayanin da aka bayar. Ko ma mene ne, abin lura ɗaya ne ga babban dandali da ɗan tafkin bayan gida: lamba guda ba ta isa shaida ba. Kulorin ba ya aiki shi kaɗai, sai da pH daidai, da laima gwargwado, da matacin da ke zagaya ruwa. Minti biyar na awo a kullum, da gogar bango sau ɗaya a mako, sun fi arha a kan buhun magani da kwanakin wahala. Rigakafi dai ya fi magani.